Saje Rufus da Farin Takalmin Baba Clovis

Duk wanda ke neman Rufus Sonnier da sassafe, kada ya ƙona mansa zuwa gidansa. Ya zo shagona da ke bakin tashar jiragen kamun jatan lande a Belle Anse, zai tarar da shi kan kujerar kusa da taga, ya miƙe ƙafar dama saboda gwiwa, yana kurɓar baƙar gahawa yana kushe ta. Shekara da shekaru yana cewa gahawata kamar an wanke injin jirgi da ita, kuma ban taɓa ɗaukar kofinsa na ga saura ba. In ya gama sai ya leƙa sama, ya leƙa ruwa, ya ce, "To, Earline, yau ma muna nan." Ni kuma in ce, "Kai dai tashi ka ba masu saye wuri."

Daga shagona rumfarsa ta walda zai nufa, amma ba ya bin miƙaƙƙiyar hanya. Sai ya zaga ta ƙofar tsofaffin garin nan yana danna oda, wannan ya ɗaga masa hannu daga baranda, waccan ta leƙo ta zage shi don ya tayar mata da kaji. Mutane na ɗauka son surutu ne. A'a, dubawa yake yi. Rufus ya san gidan da ke da mai numfashi da na'ura, ya san wanda ƙafa ta daina ɗauka, ya san kuma wadda ba za ta taɓa shiga mota ta bar karenta ba ko da ruwa ya kai mata wuya. Ranar da sama ta ɓaci, wannan yawon na safe shi ke fitar da mutane da ransu.

Asabar ɗaya a kowane wata yakan rufe rumfa, ya sa kakin da ya saya da guminsa, ya tafi atisaye da 'yan uwansa na Rundunar Tsaron Jihar Texas. Ranar ne masunta ke samun abin dariya. "Ga sojan Asabar nan! Saje, yau wa za a harba, sauro?" Shi kuwa ko a jikinsa. Yakan ce, "Ku dai ci gaba. Ranar da na zo ɗaukarku daga kan rufi zan so in ji ƙarshen wannan waƙar." Kuma Allah ya sani, yawancin masu wannan ba'ar sun hau bayansa, wasu ma sau biyu.

Asabar ɗin da ta wuce Saje Rufus ya ajiye kakin nan, bayan ya yi tsawon rayuwar babban mutum a cikinsa. Jaridun birni ba su zo ba. Shi ya sa na ce ni, Earline mai shago, zan ɗauki alƙalami, ko da hannuna ya fi sabawa da ludayi.

Yaranmu na yanzu da yawa ba su ma san bambancin su Rufus da sauran masu kaki ba, abin kunya. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin tarayya ta kwashe dakarun da jiha ke taƙama da su, ta tura su ƙetare, aka bar garuruwa ba mai tsaro, ba mai ɗauki in masifa ta faɗo. Sai jiha ta tara waɗanda suka rage, tsofaffi da manoma da masu shaguna da waɗanda likitan soja ya mayar gida, ta ce ku ne namu, gwamna ne kaɗai zai kira ku, ba kuma mai ɗauke ku daga ƙasar nan. Kakan Rufus yana cikinsu. Bayan yaƙin, da jirgin takin zamani ya fashe a Texas City ya kusa shafe garin, irinsu na cikin waɗanda suka shiga hayaƙin. Rufus ya ce kakansa bai taɓa ba da labarin abin da ya kwasa da hannunsa a can ba. Abin da kawai yake faɗa shi ne, "Wani ne zai je yaƙi, wani ne zai tsaya gida. Na gida ma aiki ne." A kan wannan maganar Rufus ya tashi.

Ni ganau ce a kan aikinsa. Na gan shi ya mayar da zauren makaranta masaukin ɗaruruwan mutane cikin yini guda, yana sulhunta masu faɗa kan bargo da masu faɗa kan wanda ke minshari. Na gan shi tsaye cikin rana a mararraba, yana jefa ruwan sha da ƙanƙara a bayan motoci har fatar wuyansa ta saɓule. Akwai matar da har yau take rantsuwa cewa shi ya sauko da ita daga rufin gidanta, akuyarta a kafaɗarsa, ita kuma tana dukansa da jaka wai yana matse mata dabba. Irin waɗannan suna da yawa, kowa a garin nan yana da nasa. Amma guda ɗaya nake so in ba ku, don shi ne ya nuna mini ko wane ne mutumin da ke shan gahawata.

Kun dai tuna babbar guguwar, wadda ba ma son kiran sunanta. Teku ya hau mu, ya kwana, ya koma da abin da ya ga dama. Da muka dawo, gidaje dai mun san za mu tarar da su a ƙasa. Abin da ya karya mana zuciya maƙabartar coci ce. Ƙasarmu in ka haƙa kamu biyu ruwa ne, don haka tun kakanni a akwatin siminti muke ajiye namu a saman ƙasa. Ruwan ya ture murafun, akwatunan gawa suka taso kamar kwalekwale suka bi igiyar ruwa cikin fadama. Iyayenmu, mazajenmu, duk sun tafi yawo.

Hukuma ta nemi hannu, aka ba rukunin su Rufus wannan aikin da ba wanda ke so. Kullum su shiga ƙaramin jirgi su kutsa cikin kyauro da laka, ga sauro, ga macizai, ga kadoji da ruwa ya rikita. In sun ga akwati, Rufus ne ke fara sauka. Ya cire hularsa, ya ce, "Sannu da hanya, mun zo mu kai ka gida," sannan ya ɗaure shi da igiya a jikin itace don kada ruwa ya sake ja kafin babbar mota ta samu hanya. Ɗaya daga cikin 'yan rukuninsa ya gaya mini da fari dariya abin ke ba su. Kafin a yi nisa kowannensu ya koma cire hula.

A cikin waɗanda ruwa ya tafi da su har da Baba Clovis Guilbeau, tsohon masunci, mijin Goggo Eula. Duk garin nan Goggo muke ce mata, dangi da bare. Tsohuwa ce 'yar firit mai bakin reza, ta haura tamanin a lokacin, ga ciwon suga. Ranar da aka bar mutane suka dawo, ta taka wani kwano a cikin tarkacen gidanta, ya yanke ta a ƙafa. Wanda ya san suga ya san abin da ke biyo baya. Likitan da ke zagayawa ya duba ya ce lallai a kai ta babban asibiti a Houston, inda 'yarta take, in ba haka ba ƙafar za ta tafi, ita ma ta bi ƙafar.

Goggo Eula ta sa aka kafa mata rumfar leda a ƙofar maƙabarta, ta ajiye kujerar roba, ta zauna.

"Ba inda za ni," in ji ta. "Clovis bai taɓa kwana a waje ban san inda yake ba. Sai ya shigo zan tashi."

Ɗanta Norris ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya yi kuka. Fada, limamin cocinmu, ya zo ya yi nasa. Ni nake kai mata shinkafa da gumbo, miyarmu ta kuɓewa da jatan lande, kowace rana, ina ganin ƙafar tana kumbura tana canza launi, har ta kai ana jin warin daga nesa. In na yi magana ta ce, "Earline, abinci aka aiko ki kawowa ko wa'azi?"

Ana cikin haka sai labari ya zo cewa an ga Baba Clovis. Wani tsohon akwati ne su Rufus suka jawo daga bayan gonar shinkafa, ba suna, ba wata alama a jikinsa, ruwan gishiri ya cinye komai. Da mai kula da gawa ya buɗe a ma'ajin da aka tanada, sai ga namiji, ga carbi a hannu, ga farin takalmin roba mai dogon wuya a ƙafa. Ai kuwa sai gari ya ɗauka. Kowa ya tuna ranar jana'izar Baba Clovis, yadda Goggo ta kafe sai an sa masa farin takalminsa na shiga jirgi, ta ce da shi ya ciyar da ita, da shi zai tsaya gaban Mahaliccinsa. Mata suka fara guɗa a shagona. Ni da kaina na ɗora babbar tukunya. Murna ta rufe mana ido, ba wanda ya tsaya ya kalli ƙafarsa, alhali rabin mazan da ke ihun a tsaye suke cikin irin wannan farin takalmin. Duk wanda ya taɓa jan koma a gaɓar nan shi yake sawa.

Rufus bai yi murna ba. Yana wurin da aka buɗe akwatin, kuma da aka ɗaga matashin kai ya ga abin da sauran ba su kula da shi ba: ɗan ƙullin shinkafa a tsumma, da ƙaramin hoton Maryamu a cikin leda, tana sanye da doguwar riga irin ta matan Vietnam. Mutanen Vietnam sun zo mana da jiragensu tun bayan yaƙin ƙasarsu, cocinmu ɗaya, sana'armu ɗaya, takalminmu ɗaya, kuma suna da nasu layin a ƙarshen maƙabarta. Su ma ruwa ya kwashe musu.

Norris da bakinsa ya ba ni labarin abin da ya biyo baya, kuma ya ce in rubuta. Ya ja Rufus bayan ma'ajin, ya riƙe masa hannu biyu.

"Rufus, don girman Allah ka yi shiru. Ni ma na gani. Amma ka dubi ƙafar Mama. In aka rufe wannan gobe, jibi tana Houston. Matacce ai matacce ne, bai san inda aka sa shi ba."

"Shi bai sani ba," in ji Rufus. "'Ya'yansa fa? Suna can suna zaga fadama kamar yadda kake zagawa."

"Su ba su da uwa da ke ruɓewa a kan kujera! In ta mutu, kai ka kashe ta, ka ji na gaya maka."

Norris ya ce Rufus ya sunkuyar da kai, har shi Norris ya ɗauka ya ci nasara. Can ya ɗago ya ce, "Na ji. To bari in je in gaya mata da kaina, kada nauyin ya hau kanka."

Kai ne, Rufus, ka tako hanyar maƙabarta da rana tsaka, laka har gwiwa, hula a hannu. Ina zaune kusa da ita ina zuba mata abinci, na ga fuskarka tun daga nesa na san ba alheri. Da ka so, da ka yi shiru an yabe ka, gari ya ɗauke ka a kafaɗa, tsohuwa ta tafi asibiti da farin ciki. Ba wanda zai taɓa sani sai kai da Norris da Allah. Ka zo ka durƙusa da gwiwar nan taka mai ciwo a gaban kujerar roba.

"Goggo, wanda muka samo ba Baba Clovis ba ne."

Ta ajiye cokali. "An ce da farin takalmi."

"Da shi. Amma akwai ƙullin shinkafa ƙarƙashin kansa. Na aika an tambaya a layin mutanen Vietnam. Tsoho Vo ne, baban Khang mai babban jirgi."

Na zaci suma za ta yi. Ina! Sai ta miƙe zaune, idon nan ya kawo wuta.

"Vo? Vo ɗin da ya yanke wa Clovis koma a bakin mashiga, suka yi shekaru ba sa gaisawa? Shi kuka so ku kwantar a gefena har tashin ƙiyama? Norris! Ina Norris? Ɗan banzan yaro, da uban wani za ka haɗa ni?"

Wallahi dariya ta kusa ƙwace mini, ga hawaye na zuba. Ta yi ta faɗa har numfashi ya gaza mata. Sannan ta kalli ramin simintin da ke buɗe, ta ce a hankali, "Ku kai wa yaran ubansu. Su ma sun gaji." Ta gyara zama ta ce, "Ni kuma ina nan."

Nan ne hankalina ya tashi sosai, don na ga maganar Norris za ta tabbata. Amma Rufus bai tashi daga durƙuson ba.

"Goggo, kullum sai na baro fadama da rana na zo duba ki, na kawo miki ruwa, na kawo mai wanke ciwo. Duk lokacin da nake nan, ba na can. Zamanki a kujerar nan shi ke hana ni nemo shi."

"Au, ni ce ma na ɓatar da shi ke nan?"

"Ban ce ba. Cewa na yi ki bar mini gadin, ki je a gyara ƙafar da za ki tsaya da ita ranar da zan kawo shi. Ƙarshen shekarar nan ya kamata in ajiye aiki, takarduna sun riga sun tafi. Zan janye su. Ba zan cire kakin nan ba sai Baba Clovis ya koma makwancinsa."

Ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da take yi wa kifi a kasuwa. Sannan ta ce, "Da ka zo mini da ƙarya yau, da na gane, don ni na san abin da na sa wa mijina. Kuma da ko sunanka aka kira sai na tofar da yawu. Amma ka zo da abin da ba na son ji." Ta miƙa mini hannu. "Earline, ɗaga ni. Ki ce wa wancan sakaran ya kawo mota."

A Houston ta bar yatsun ƙafa biyu, amma ƙafar ta tsira, ita ma ta tsira.

To, alkawari a baki ba wuya. Bayan 'yan makonni gwamna ya sallami rundunar, kowa ya koma sana'arsa, motocin hukuma suka tafi, masu ɗaukar hoto suka tafi. An samo da yawa, an mayar da su. Baba Clovis shiru. Fadamar nan kuwa kun san ta, mutum zai yi yini yana tafiya bai ga ƙarshenta ba, kyauro ya fi tsayin namiji, akwati zai iya zama taku kaɗan daga gare ka ka wuce ba ka sani ba.

Wata Asabar da asuba ina buɗe shago sai ga Khang, ɗan tsoho Vo, kyaftin ɗin jirgin da ya fi kowane girma a tasharmu. Mutum ne da ba ya yawan magana. Ya tsaya kan Rufus ya ce, "Saje, jirginka na wasan yara ne. Ga nawa ƙarami mai shiga laka, ga mai a ciki. Ina muka nufa?"

Rufus ya ce, "Ka san fa mutumin da muke nema bai taɓa yi wa babanka kallon arziki ba."

Khang ya ce, "Na sani. Babana ma ya ce Clovis ne ya fara. Tashi mu je."

Tun daga ranar, duk Asabar da ba atisaye, su biyun suna fadama. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Masunta suka daina kiran sojan Asabar, suka koma girgiza kai in ya wuce. Har ni sai da na ce masa, "Rufus, haba, ka yi iya yinka. Gwiwar nan taka ta ƙare, matarka ta gaji da wanke laka. Goggo ma za ta fahimta." Ya ce, "Za ta fahimta mana. Ni ne ba zan fahimta ba. Ƙaro gahawar nan mai ɗanɗanon injin." Ita kuwa Goggo duk Lahadi bayan coci sai ta kira shi a waya daga Houston, ba gaisuwa ba komai, sai dai, "Har yanzu kana cikin rigar?" Ya ce, "Ina ciki, Goggo." Ta kashe.

Dabarar da ya koma yi ita ce bin wuta. In sanyi ya shiga, makiyaya da masu farautar agwagwa sukan cinna wa busasshen kyauro wuta don sabuwar ciyawa ta fito. Rufus ya bi su ɗaya ɗaya ya roƙe su, duk wanda zai ƙona fili ya sanar da shi. Washegari kuwa za ka gan su shi da Khang suna taka toka mai ɗumi, sun yi baƙi ƙirin kamar masu gawayi, don a ranar kaɗai fadama ke tsirara a ga abin da ta ɓoye. Sun samo firji, sun samo rabin mota, sun samo akwatuna biyu na wasu mutanen, suka mayar da su ga danginsu.

A sanyi na uku, a wani fili can kusa da iyakar Louisiana, suka hango wani abu a kife cikin toka, ya yi tsatsa ja. Da aka kai ma'aji aka buɗe, ga carbi, ga farin takalmi. Wannan karon Rufus bai bar kowa ya yi guɗa ba. Ya fita waje ya kira Houston, Norris na tsaye kusa da shi.

"Goggo, ban ce komai ba tukuna. Kin ce kin san abin da kika sa wa mijinki. Gaya mini."

Ta ce, "Ƙafarsa ta hagu ta kumbura kafin ya cika, takalmin ya ƙi shiga. Na kori kowa daga ɗakin, na sa almakashin ɗinkina na tsaga shi ta baya, daga wuya har dunduniya, na ɗinke da shuɗin zare don kada a gani a ce na kai shi da yagaggen takalmi. Je ka juya ƙafar hagu."

Rufus ya shiga, ya fito. Ya share fuska da hula. Sannan ya ce a wayar, "Goggo, ɗinkinki bai saki ba."

Ranar da aka mayar da Baba Clovis, garin nan bai taɓa cika haka ba tun kafin guguwa. Goggo Eula ta ƙi keken guragu, ta tsaya da ƙafarta, hannu ɗaya a kafaɗar Norris, ɗaya a ta Khang. Matan layin Vietnam suka kawo tukwanen miyarsu ta taliya, muka jera da gumbo, aka ci har aka rasa na wa ya fi. Da aka rufe murfin, Rufus ya jawo injin waldarsa ya ɗaure kabarin da ɗamarar ƙarfe har cikin ƙasa. Daga baya ya bi sauran kaburburan ɗaya bayan ɗaya, na tsoho Vo ma bai tsallake ba.

Kai ne gatan wanda ba ya iya cewa na gode, Rufus. Ba ka taɓa harba bindiga a bakin aiki ba, amma ban san sojan da ya fi ka tsayawa a inda aka ajiye shi ba. Ka ƙara shekaru a kan gwiwar da ta riga ta gama aiki, saboda maganar da ka yi wa tsohuwa a ƙofar maƙabarta, ba shaida sai mai sayar da gahawa. Mun yi maka dariya, ka ɗauke mu daga rufi. Mun so ka yi mana ƙarya mai daɗi, ka ƙi. A madadin Belle Anse, na raye da na kwance, na gode. Allah ya huta da gajiyarka, ya sassauta maka gwiwar nan.

Ku kuma matasanmu da ke cika mini shago kuna latsa waya, da ku nake. Teku bai yi mana alkawarin komai ba, zai dawo. Ranar da zai dawo, sojan tarayya na iya kasancewa a wata duniya, masu agaji daga nesa sai hanya ta buɗe. Wanda zai fara isowa ƙofar uwarka shi ne wanda ya ba da Asabar ɗinsa tun kafin sama ta ɓaci. Rukunin su Rufus duk furfura ce yanzu. Ƙofa a buɗe take, ba a tambayar ko daga wane layi ka fito, kuma 'yar Khang ta riga ku, ta karɓi kakinta a watan jiya.

A walimar sallamar da aka yi masa a zauren coci, bayan manyansa sun gama jawabi sun ba shi allon yabo, sai aka ji sanda na bugun ƙasa daga baya. Goggo Eula ce, ta haura casa'in yanzu, Norris ya kawo ta tun daga Houston. Ba wanda ya ba ta izinin magana, ba kuma wanda ya isa ya hana.

"Rufus, zo nan. Yanzu ka cire rigar, na yafe maka, dama ba ta taɓa yi maka kyau ba." Zauren ya fashe da dariya. Ta jira aka yi shiru, ta kama hannunsa. "Saura aiki ɗaya, kuma ba na gwamna ba ne. Na kusa. In an kwantar da ni gefen Clovis, kada ka yi mini ɗamara tawa daban. Ka kwance tasa, ka haɗa mu da ƙarfe guda. In ruwa ya tashi ɗauka, ya ɗauke mu tare, kada wani ya sake zaman jiran wani."

Rufus ya sunkuya daidai kunnenta, amma duk mun ji.

"Na riga na yanka ƙarfen, Goggo. Yana rumfa. Amma kada ki yi sauri."